Furfurar Aro daga Kogon Gishiri

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci giwa ya ba ta daji, ya kuma halicci abin da ido ba ya iya gani ya ba shi aikin yi. Ku matso kusa, ku da ba ku taɓa ganin ƙanƙara ta toshe ƙofar ɗaki ba, in ba ku labarin abin da hannuna ya ɓata da tafiyar da na yi don in gyara.

Ni ce Tabawa, matar Mantau Sarkin Fawan Garzamu, wani gari da ke kan tsauni a ƙasar Bayan Duwatsu Tara. A can wata huɗu cur muke yi a kulle kowace shekara. Ƙanƙara ta sauko, hanyoyi su rufe, ba a yanka ko ɗan akuya, domin abin da ya rage a garke na iri ne. Abin da ke riƙe mu shi ne ɗure. Ana daddatsa naman rago da kitsensa, a zuba gishiri da masoro da citta, a ɗura cikin hanji, a ɗaure da zare, a rataye kwana arba'in. Ɗakin rataya guda ɗaya ne tak a garin, kuma a gidanmu yake. Surukata Iya Dudu ce ke riƙe da shi tun kafin a kawo ni.

Ni kuwa tun ina amarya ɗakin nan yake damuna. Azarorinsa sun yi fari fat kamar an watsa musu garin tuwo. Tsofaffin zaruruwa na lilo ko'ina, ba a zubar da ko ɗaya. Ni mace ce da ba ta iya barci in ta tuna akwai kwano ɗaya da ba a wanke ba. Sau uku nake duba murfin randa. Na sha roƙon Iya Dudu ta bar ni in share, sai ta ce, "Tabawa, ki share ɗakinki." Ba ta taɓa ƙara komai a kan haka ba, ni kuma na ɗauka ƙazantar tsufa ce.

Da Allah ya karɓi ranta a farkon bazara, aka miƙa mini mabuɗi. Ana gama sadakar arba'in na ɗaura ɗamara. Na tafasa ruwa tukunya goma sha biyu, na dirje azarorin da toka da soso har jan itacen ya fito, na tattara zaruruwan na cinna musu wuta, na yaɓe bangon da sabuwar ƙasa. Mata suka zo kallo suna sa mini albarka. Ni ma na tsaya a bakin ƙofa ina jin kaina.

Muka yi ɗuren gwaji. Da kwana arba'in suka cika aka sauko da shi, fatar ta ƙandare kamar ƙirgi, cikin kuma jiƙe yake. Launinsa ya koma toka-toka, kitsen yana warin tsohon mai, ga wani tsami mai kama haƙori. Aka kira Baba Cindo, makahon dattijon da ke ɗanɗana ɗuren gari tun zamanin kakanni. Ko bakinsa bai kai ba. Ya shinshina, ya ce a kai shi ɗakin. Ya shafa azara, ya shinshina tafin hannunsa.

"Wa ya kashe ɗakin nan?" in ji shi.

Na ce wanke shi kawai na yi.

Ya ce ai shi ne. Farin nan da na dirje rai gare shi, kuma kakar kakar Iya Dudu ce ta ɗauko shi daga Kogon Gishiri, tafiyar wata guda yamma da mu. Iyakar abin da ya sani ke nan.

To a lokacin autata Ladingo tana da cikin wata huɗu, cikin fari, kuma lissafi ya nuna a tsakiyar kulle za ta sauka. Yarinya ce marar jiki tun tana goye. A Garzamu mai jego da romon ɗure take rayuwa kwana arba'in, babu wani nama. Na taɓa ganin shekarar da ɗure ya ƙare da wuri, na ga abin da ya sami masu jegon wannan shekara da jariransu. Maigida ya ce shi zai tafi. Na ce in ya tafi wa zai tara ragunan yankan ƙarshe? Ni na wanke, ni zan je. Ladingo ta riƙe mini zane tana cewa Inna ko kasuwar ƙauye ba kya zuwa sai kin dawo sau biyu duba ƙofa. Na ce to wannan karon ke za ki duba. Na ɗaura wa jakata mangala, na kora ta muka kama hanya.

Kwana goma sha biyu na iso Birnin Jatau, inda katangar gari gaba ɗaya an lulluɓe ta da kitsattsiyar tafarnuwa, tun daga zango guda idonka ke hawaye. Sarkin fawansu ya karɓe ni hannu biyu. Da ya ji matsalata ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce wahalar banza zan yi, sirrin ɗure tafarnuwa ne, a zuba ta sai nama ya ɓace a ciki. Ya yanko mini nasu. Na tauna, na ce madalla, don baƙuwa ce ni. Amma ban da yaji da tsami babu abin da harshena ya samu. Na ɗaga kai na dubi azarorinsu: tas suke, kamar nawa.

Duk da haka tafarnuwarsa ta yi mini rana. Gaba da birnin akwai Kwarin Ƙudaje, tafiyar wuni guda, inda ƙuda ɗaya ya kai girman ɗan tsako, kuma in suka ji ƙanshin nama ko gumi sai su rufe mutum kamar bargo. Ba abin da suke gudu sai tafarnuwa. Aka rataya mini sarƙar tafarnuwa uku a wuya, aka yi wa jakata biyu. Muka ratsa suna ta shawagi a kanmu, ƙugin fikafikansu kamar ana niƙa a gidaje ɗari. Na ga ƙasusuwan wani raƙumi a gefen hanya da sirdinsa a kai. Ban sake kallon gefe ba.

Bayan kwana tara kuma sai Kogin Sabulu. Mutanen da ke fito a wurin ana kiransu Masu Wanki. Wata annoba ta taɓa haye ruwa ta cinye rabinsu, tun daga ranar suka yi rantsuwa ba abin da zai shiga kwalekwalensu sai an wanke shi da ruwan zafi da toka. Shugabar mata, Magajiya Kyallu, ta karɓe ni. Aka wanke mangala, aka wanke jaka, aka wanke guzurina har ƙuli-ƙuli ya koma kunu, sannan aka tsefe kaina aka dirje. Wallahi da a bara ne da na ce na iso aljanna. Ina zaune ina bushewa sai ga wata tsohuwa ta zo fito. Suka wanke ta daga wuya zuwa ƙafa, kanta kuwa ko ɗigo bai taɓa ba. Na tambaya. Magajiya ta ce a al'adarsu hannu ba ya hawa kan mai furfura, wanda ya jiƙa furfura sai ya bar garin. Na ji, na wuce, ban ɗauka zancen zai yi mini amfani ba.

Ranar kwana talatin da ɗaya na tsaya a bakin Kogon Gishiri. Dutse ne fari tun daga ƙasa har inda gajimare ya yanke shi. A ciki iska mai sanyi da ɗan laima tana shiga ta wata kafa tana fita ta wata, ba ta tsayawa. Ɗure kuwa dubbai, jere a sama, kowanne sanye da farar riga. Ƙanshin ya doke ni, sai na ji kamar Iya Dudu ce za ta fito daga lungu. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.

Mai kogon wata tsohuwa ce, Gwaggo Yalwa, gajeriya, kanta fari kamar auduga. Ta bar ni na gama, sannan ta kama hannuwana ta juya su ta ga yadda toka ta cinye farcen.

"Ke mai wanki ce," in ji ta. "Ɗaki nawa kika kashe?"

Na ce ɗaya.

"To da sauƙi. Wadda ta zo shekara ashirin da suka wuce uku ta kashe."

Na roƙe ta ta ba ni abin in juya gobe. Ta ce wanda bai san abu ba, ko an ba shi a hanya zai kashe shi. Ta sa muka yi ɗure guda ashirin. Goma muka ɗaure da tsohon zarenta muka rataye cikin 'yan'uwansu, goma da sabon zare a wani lungu da ta sa na wanke da hannuna, tana zaune tana yi mini tsiya wai ba ta taɓa ganin mai dirza irina ba. Kullum da safe mu zagaya. A kwana na bakwai na tsohon zare suka fara fari daga wajen ƙulli, abin yana bin fatar a hankali.

Ba ta iya dogon bayani ba, sai dai ta nuna. Ta ce abin nan dangi ne da wanda ke tayar da ƙullin waina, wanda ku a nan kuke kira yis, sai dai wannan ɗan gidan gishiri ne, inda sauran ke mutuwa nan yake ƙiba. Tsamin da ke cikin ɗure wasu ne daban ke yin sa, irin masu mai da madara nono, kuma ana bukatarsu don su hana nama ruɓa. Amma in aka bar su su kaɗai sai tsami ya yi mulki. Farin nan shi ke zama a fata, don yana son iska, yana shan tsamin kaɗan-kaɗan, yana taɓa kitse yana fito da ƙanshi, yana tsare nama kada iska ta dusashe jansa, yana kuma hana fata bushewa da gaggawa ta kulle ruwa a ciki.

Wata safiya ta nuna mini wani ɗure mai ɗigon kore da wani mai baƙin gashi-gashi, ta ce me zan yi. Na ce a wanke ɗakin. Ta buga mini zare a hannu. Ta tsoma tsumma a ruwan gishiri ta goge koren kaɗai, mai baƙin kuma ta sauke shi ta fitar waje. Ta ce fumfuna ce wannan, baƙuwa ce, ba a ƙona gida don baƙo ya shigo.

Da kwana arba'in suka cika ta yanka ɗaya daga kowane ɓangare. Na lungun da na wanke, ɗuren gwajina ne sak. Ɗayan kuwa ja ne har tsakiya, ya bushe daidai, a baki ya fara da gishiri, ya bi da ɗan tsami mai ladabi, sannan wani ɗanɗano kamar na man shanu da gyaɗa ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tafiya.

Ta ce za ta ba ni ɗure shida da farar rigarsu, da sharaɗi uku: kada ruwan zafi ya taɓa, kada in toshe su inda ba iska, kada in haɗa su da tafarnuwa mai yawa don tana karya musu ƙarfi. Sai ta ƙara da cewa tun da Masu Wanki suka kama kogin, ba wanda ya haye da shi da rai. Matar nan mai ɗaki uku ta ɓoye a cikin tulu ta liƙe baki, aka fasa aka wanke.

Kwana biyu abinci bai wuce mini ba. Na lissafa watan Ladingo a yatsu har yatsun suka gaji. A rana ta uku ina zaune Gwaggo Yalwa ta miƙa hannu sama tana kwance zare daga wani ɗure, zaren ya faɗo a kanta, na neme shi da ido na rasa. Launinsu ɗaya da gashinta.

Na ce, "Gwaggo, zaren kaɗai zai iya tayar da ɗaki?"

Ta ce da me muka ɗaure goman farko? Zaren da ya sha kitse da gishiri yakan riƙe rai wata guda in ya sami iska.

Na ce, "Kin iya kitso?"

Ta dube ni, ta dubi zaren, sai dariya ta kama ta har ta zauna. Wuni guda ta yi a kaina. Ta warware zare sittin silli-silli ta kitse su cikin gashina, ƙanana-ƙanana, har baƙin ya ɓace. Na leƙa ruwan ƙwarya na ga uwata. Ta ba ni ɗure shidan ma, ta ce in bar su su wanke wani abu, mai wanki in bai sami abin wankewa ba zargi yake yi.

A bakin kogi na sassauta ɗankwali yadda kan zai fito. Suka karɓi ɗure shida suka dirje su ina kallo, na yi ta magiya da gaske, don ko da na san dabara ce abin ya yi mini ciwo. Sai Magajiya Kyallu ta iso da tukunyar ruwan zafi. Ta tsaya. Ta zagaya ni.

"Baiwar Allah, ba ke ce na tsefe wa kai wata biyu da suka wuce ba? Baƙi ƙirin yake."

Na ce, "Magajiya, kina da 'ya mace?"

Ta ce uku.

"Akwai wadda ta taɓa yin cikin fari kina wata ƙasa?"

Ta ajiye tukunyar, ta ce wa 'yan matanta daga wuya zuwa ƙasa. Da za mu rabu har ta ba ni sabulu kyauta, ta ce in kai wa mai jego. Ban yi mata ƙarya ba, amma har yau in na tuna sabulun nan sai na nemi gafara.

Saura Kwarin Ƙudaje. Sarƙar tafarnuwata tana nan, amma ba halin in rataya ta a wuya, kusa da kai. Kuma kaina ƙanshin nama yake yi. Na kwana a bakin kwarin, na lura ƙudajen ba sa tashi sai rana ta ɗumama fikafikansu. Na ɗaure tafarnuwar a ƙafafun jaka da wutsiyarta, na yanyanka ɗure shidan nan da aka wanke na cika zane. Alfijir na ketowa muka shiga da sauri. Mun yi nisa kafin na ji ƙugin farko. Da suka taso, sai in jefa yanka ɗaya can nesa bayan duwatsu, su yi dafifi a kai suna faɗa, mu ƙara gaba. Haka, haka, har hannuna ya taɓa ƙasan zanen. Yanka uku suka rage, bakin kwarin yana hangen ido. Na jefa ukun gaba ɗaya, na ɗage zane, ni da ban taɓa gudu ba tun ina budurwa na tsere wa jakata. Ɗaya ya cim mini ya cije ni a kafaɗa. Ga tabon nan.

Birnin Jatau kuwa ta bayan gari na zagaye shi, ina toshe kai da tafin hannu kamar mai gudun ruwan sama.

Ranar da na shiga Garzamu ƙanƙarar fari tana sauka. Ba wanda ya gane ni sai da na yi magana. Maigida ya riga ya tara ragunan yankan ƙarshe, yana ta jan ƙafa yana jirana, mahauta suna yi masa gunaguni. Ya dubi hannuna ya ga ba komai, ya dubi mangala ya ga ba komai. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Na ce ya wasa wuƙa, a kira mini Ladingo.

Ta fito da ƙyar, cikin ya yi mata girma, wuyanta kamar sillen kara. Na zauna a gabanta a cikin ɗakin rataya na ce ta tsefe ni a hankali, duk abin da ya fito ta ajiye a faifai. Tana tsifa tana ajiyewa, mata sun cika ƙofa. Can ta tsaya tana jan wani wuri.

"Inna, wannan ya ƙi fita."

Na ce ta ƙirga na faifai. Ta ƙirga, sittin ɗin sun cika. Ta ce, "To wannan naki ne."

Kwana uku muna ɗura. Maigida ya kawo tafarnuwa ƙwarya guda wai ko za ta hana ɗuren lalacewa kamar na gwaji, na ɗebi ɗan kaɗan na mayar masa da sauran. Kowane ɗure na sa masa silli ɗaya a ƙulli, da sillayen suka ƙare na jera marasa shi a tsakanin masu shi, sauran guntayen na naɗa a azara. Na buɗe kafar iska ta gabas da ta yamma, waɗanda da kaina na toshe da yaɓe don ƙura.

Kwana biyar ba komai. Kwana bakwai ba komai. Na daina haɗa ido da mutane. A kwana na tara da safe na shiga da fitila, sai ga shi a wajen ƙulli, ɗan fari kamar an taɓa da yatsa mai gari. Kafin sati biyu ya haye na kusa, ya kama azara. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Sau ɗaya na tsinci kaina da tsumma a hannu ban san lokacin da na ɗauka ba. Kore ya fito a guda huɗu, na goge huɗun kaɗai da ruwan gishiri, na fita na rufe ƙofa.

Ladingo ta sauka ana saura kwana biyu a cika arba'in, 'ya mace, bayan wahalar wuni biyu. Ta kwanta ta yi fari fat, ko kunu ba ta karɓa. Ban jira kwana biyun ba. Na sauko da ɗaya na miƙa wa Baba Cindo. Ya shinshina, ya yanka, ya tauna, ya daɗe yana taunawa har na ji kamar in girgiza shi.

Ya ce, "Dudu ta fi ki sa masoro."

Sai ya miƙo hannu a ƙara masa.

Na dafa romo na kai mata. Ta kau da kai, sannan ƙanshin ya iske ta, ta juyo. Ta sha cokali ɗaya, ta sha na biyu, ta karɓi kwanon daga hannuna ta kafa kai. Da ta sauke ta ce, "Inna, akwai saura a tukunya?" Kafin azahar ta kewayo nono ya zo, jaririyar ta kama.

Yarinyar nan Yalwa muka sa mata, yanzu ita ke rarrafe tana jan zanena. Mabuɗin ɗakin yana ƙuguna. Har gobe sau uku nake duba murfin randa, kwanukana kuma kuna iya ganin fuskarku a ciki. Amma soso da tokata a bakin ƙofar ɗakin rataya suke tsayawa. Kwanan baya matar ɗana ta leƙa ta ga azarorin, ta yamutsa fuska, ta ce Inna ki bar ni in ɗan share miki. Na buɗe baki zan ce ta share ɗakinta, sai na fasa. Na ce ta ɗauko tabarma ta zauna, na zame ɗankwali, na fara mata tun daga farko.

Nan tafiyata ta tsaya. Abin da na gani na faɗa, abin da na manta yana wurin Wanda ba ya mantuwa.